Zauren Shari'a: 'Yancin Magana da na Addini, da Inda Doka Ta Taka Musu Birki

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk bakinsu ɗaya, shi ya sa muka haɗa su wuri guda. Kafin lauyoyinmu na Abuja su bi su ɗaya bayan ɗaya, ga ginshiƙin da amsoshin suka dogara a kai.

Babi na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ne ya tattara haƙƙoƙin ɗan'adam, daga sashe na 33 zuwa na 46. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin tunani da aƙida da addini, har da sauya addini, da bayyana shi da yaɗa shi, a ɓoye ko a sarari, shi kaɗai ko cikin jama'a. Sashe na 39 ya ba kowa 'yancin riƙe ra'ayi, da samun labari da isar da shi ba tare da katsalandan ba. Sai sashe na 45, wanda ba a cika karantawa ba, ya ce ana iya taƙaita waɗannan haƙƙoƙi saboda tsaron ƙasa, ko kare rayuka, ko zaman lafiya, ko tarbiyyar jama'a, ko kiwon lafiya, ko don kare haƙƙin wasu. Amma ya gindaya sharaɗi biyu: taƙaitawar ta zo a cikin doka, kuma dokar ta zama wadda hankali zai ɗauka a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Umarnin baki daga DPO ba doka ba ne. Haka sanarwar shugaban makaranta, haka fushin taron jama'a. Ko wata doka ta cika sharaɗin nan ko ba ta cika ba, kotu ce mai faɗa.

Tambaya: Barista, ƙanena ya rubuta a Facebook cewa wani mai riƙe da muƙami ya cinye kuɗin rijiyar burtsatsen unguwarmu. 'Yan sanda suka zo suka tafi da shi, yau kwana huɗu ke nan, wai laifin intanet ne. Ba an ce akwai 'yancin faɗar albarkacin baki ba?
(Daga wani mai karatu a Kubwa)

Amsa: Malam, abu biyu ne a nan, kada ka bari a cakuɗa maka su: tsarewar daban, rubutun daban. Ko da rubutun laifi ne, kwana huɗu a caji ofis ba da umarnin kotu ba ya saɓa wa sashe na 35. Sashen ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Mutumin Kubwa kuwa ba sai ya yi tafiyar kilomita 40 zai ga kotu ba. Laifin da hukuncinsa kisa ne kaɗai aka ware daga wannan ƙa'ida. Abin da zai halatta tsarewar shi ne idan sun karɓo takardar ajiya daga majistare a ƙarƙashin Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, wadda wa'adinta na farko ba ya wuce kwana 14. Ka ce a nuna maka takardar, ka duba kwanan wata da hatimin kotu.

Gobe da safe ka tafi da lauya, a rubuta neman beli a takarda, a karɓi kwafin da aka sa wa hannu. Beli kyauta ne. Mace kuma tana iya tsaya masa, dokar 2015 ta faɗi haka ƙarara. Ka gaya wa ƙanenka yana da damar yin shiru har sai ya gana da lauya, kada ya sa hannu a kan jawabin da ba a karanta masa da harshen da yake ji ba. A nan ne yawancin shari'o'in nan ke lalacewa: yaro ya firgita, a rubuta masa "na san ƙarya ce", ya dangwala hannu. In sun ƙi ba da beli, lauya zai sanar da kotu ta umarce su su kawo shi. In ba halin ɗaukar lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da ke Maitama.

Sai rubutun. Sashe na 24 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 shi ne aka fi kama mutane da shi. A tsohon lafazinsa, saƙon da ya jawo wa wani "ɓacin rai" ko "cin fuska" ma laifi ne, kuma a 2020 Kotun ECOWAS ta ce wannan ya tauye 'yancin magana. A watan Fabrairun 2024 aka gyara shi. Yanzu farkon sashen ya tsaya a kan abu biyu: saƙon batsa, da saƙon da mai shi ya san ƙarya ne kuma ya tura shi don ya tayar da tarzoma ko ya jefa rai cikin haɗari. Hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 7 ba, ko duka biyun, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumi. Tambayar kuɗin rijiya, mu dai ba mu ga inda ta shiga wannan sashe ba. Lauyanku ya duba takardar tuhuma da kyau, don har yanzu ana ganin masu kwafo tsohon lafazin da aka riga aka soke.

Inda ƙanenka zai iya samun matsala shi ne ɓata suna. Dokar Final Kod, wato kundin laifuffuka da hukuncinsu da ake aiki da shi a Abuja, ta bayyana shi a sashe na 391, ta sa masa ɗaurin da ya kai shekara 2 ko tara a sashe na 392. Kariyarsa a nan ita ce abin da ya faɗa gaskiya ne kuma faɗarsa amfanin jama'a ne, ko kuma ra'ayi ne da ya bayyana da kyakkyawar niyya a kan yadda ma'aikacin gwamnati ke tafiyar da aikinsa. Duba bambancin waɗannan jimloli biyu. "An ware wa rijiyar nan kuɗi a kasafin bana, ga hotonta ba ta ba da ruwa, ina kuɗin suka shiga?" Wannan tambaya ce mai hujja. "Wane ɓarawo ne, shi ya cinye kuɗin." Wannan zargin aikata laifi ne, kuma sai ya kawo shaida. Don haka ku adana cikakken rubutun da kwanan watansa, ku ɗauki hoton rijiyar, ku rubuta wa hukumar da abin ya shafa kuna neman takardun kwangilar a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba su kwana 7 su amsa. Goge rubutun yanzu ba zai ɓatar da shaida ba, mai ƙara ya riga ya ɗauki hotonsa.

Ra'ayinmu kuwa ba ma ɓoye shi: mai muƙamin da ya ga an ɓata masa suna ya shigar da ƙarar neman diyya kamar kowa, ba ya aika motar 'yan sanda ba. Tun 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Enugu, a shari'ar Arthur Nwankwo wanda aka ɗaure saboda sukar gwamnan Anambra na lokacin, ta wanke shi ta ce dokar hana tunzura jama'a a kan gwamnati da Turawan mulkin mallaka suka bari ba ta dace da 'yantacciyar ƙasa ba, kuma mai riƙe da mulki dole ya jure suka.

Tambaya: Ni tura saƙo kawai na yi a zauren WhatsApp, ba ni na rubuta ba, har na sa "kamar yadda aka turo". Da laifina?
(Daga wata ɗaliba a Gwagwalada)

Amsa: 'Yar'uwa, "kamar yadda aka turo" ba ta wanke kowa. A shari'ar ɓata suna, wanda ya maimaita magana shi ma ya wallafa ta. Sashe na 418 na tanade-tanaden tarayya na Final Kod ya ambaci mai yaɗa jita-jitar da ya sani, ko yake da dalilin zaton, ƙarya ce, idan za ta iya firgita jama'a har wani ya tayar da fitina. Sashe na 417 kuma ya sa ɗaurin da ya kai shekara 3 ga mai cusa ƙiyayyar wani jinsin mutane ta yadda zaman lafiya zai shiga haɗari. Saƙon murya mai cewa "ga su nan sun taho, kowa ya fito da abin da yake da shi", irinsa ne dokar ke nufi, kuma mutanen Jos da Kaduna sun san abin da irin wannan saƙo ke haifarwa kafin gari ya waye. In kin riga kin tura, ki goge shi ga kowa, ki rubuta a zauren cewa ba ki tabbatar da shi ba, ki adana hoton wannan gyaran. Zai taimaka wajen nuna niyyarki.

Tambaya: Ranka ya daɗe, 'yata tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Sabuwar malamar ladabtarwa ta ce ta cire hijabi a bakin ƙofa ko ta koma gida. Me doka ta ce?
(Daga wata uwa a Nyanya)

Amsa: Hajiya, ba ki faɗa mana ko makarantar ta gwamnati ce ko ta kuɗi ba, amsar kuwa a nan ta rataya.

Idan ta gwamnati ce, Kotun Ƙoli ta riga ta raba gardama. Shari'ar ta taso ne daga Legas: a 2014 Babbar Kotun jihar ta goyi bayan hana hijabi, a 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci, sannan ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli, alƙalai 5 cikin 7, ta tabbatar cewa sa hijabi yana cikin bayyana addini da sashe na 38 ya kare, hana shi kuma wariya ce da sashe na 42 ya haramta. Hukuncin Kotun Ƙoli ya hau kan kowace hukuma a ƙasar nan. Makaranta tana iya tsara launi da tsawo don ya dace da yunifom, amma ba ta da ikon cewa a cire. A nan Abuja ma an yi makamancin haka a Disambar 2017, da aka hana wata ɗaliba shiga bikin rantsar da sabbin lauyoyi saboda hijabi, daga baya aka rantsar da ita da hijabinta a Yulin 2018.

Kada ki je ki yi cacar baki a bakin ƙofa. Ki rubuta wa shugaban makaranta takarda, ki ambaci ranar da abin ya faru da hukuncin 2022, ki nemi amsa a rubuce cikin mako guda, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. In ba a gyara ba, ki kai kwafin hukumar ilimi ta Birnin Tarayya da ke kula da makarantar, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam. Ki riƙa rubuta duk ranar da aka koro ta, don da wannan lissafin ake neman diyya.

Idan makarantar kuɗi ce, musamman wadda wata ƙungiyar addini ke ɗauke da nauyinta kacokan, lamarin ya fi wuya, don hukuncin 2022 a kan makarantun gwamnati aka yanke shi, kuma za a fito miki da takardar sharuɗɗan da kika sa wa hannu ranar ɗaukar yarinyar. Sashe na 38 ya ba irin wannan makaranta damar koyar da addininta ga 'ya'yan mabiyanta. Sai dai ya kuma ce a kowace makaranta, ba a tilasta wa ɗalibi darasin addini ko ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Wannan kariya iri ɗaya ce ga 'yar Musulmi a makarantar mishan da ɗan Kirista a makarantar Musulmi.

Tambaya: Barista, idan wani ya fito fili ya zagi addinina, me doka ta tanada? A kasuwarmu matasa suna cewa in ba su ɗauki mataki da hannunsu ba, ba abin da hukuma za ta yi.
(Daga wani ɗan kasuwa a Zuba)

Amsa: Alhaji, zagin addini laifi ne a dokar ƙasar nan, kuma 'yancin magana bai rufe shi ba. Sashe na 210 na Final Kod ya sa ɗaurin da ya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Abu uku mai gabatar da ƙara zai tabbatar: an yi abin a bainar jama'a, zagi ne ko neman wulaƙanta addini, kuma an yi shi ta yadda zai iya tayar da fitina. Lafazin ya ce kowane addini, bai ware ɗaya ba. Sassan da ke biye sun hukunta lalata ko ƙazantar da wurin ibada, da hargitsa masu ibada. A Kudu, sashe na 204 na dokar laifuffukansu ya yi irin wannan tanadi.

Amma a lura, saɓanin aƙida ba zagi ba ne. Malamin da ya ce bai yarda da aƙidar Kirista a kan Annabi Isa ba, da faston da ya ce bai yarda da aƙidar Musulmi ba, duka biyun suna cikin inuwar sashe na 38, don ba a yaɗa addini sai an faɗi inda ya bambanta da wani. Ashar da izgili da wulaƙanci su ne dokar ta hana.

Wurin da abin ya faru yana da muhimmanci ƙwarai. Zuba tana cikin Birnin Tarayya, amma da ka shiga Madalla ko Suleja ka shiga Jihar Neja, Mararaba kuma Jihar Nasarawa ce, kowace da dokarta da kotunanta. Jihohi 12 na Arewa sun kafa dokokin laifuffuka na Shari'ar Musulunci bayan da Zamfara ta fara, amma Abuja da Filato ba sa cikinsu. A Kano, sashe na 382 na dokar Shari'a ta 2000 ya tanadi kisa ga Musulmin da ya yi ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wannan sashe yana cikin muhawarar shari'a mai zafi. A shari'ar Yahaya Sharif-Aminu, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a 2020, Babbar Kotun Kano ta soke hukuncin a 2021 saboda an yi shari'ar ba shi da lauya, ta ce a sake. A 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara, alƙalai 2 cikin 3, ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, aka ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙoli. A Afrilun 2025 kuma Kotun ECOWAS ta ce dokokin ɓatanci na Kano sun saɓa wa yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka. Masana suna da saɓani a kan wannan, kuma a gaban alƙalai ake yin sa.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne maganar matasan kasuwarku. Ku ba su labarin ƙauyen Kardi na Jihar Kebbi. A 1999 aka zargi wani mutum da ɓatanci, wasu suka kama shi suka kashe. Kotu ta yanke musu hukuncin kisa, suka yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, wadda a 2007 da 2008 ta tabbatar da hukuncin. Ba wanda ya riƙe wuƙa kaɗai abin ya ci ba, har da wanda ya karanto hukuncin daga littafi kafin a aikata. Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, masanin shari'ar Musulunci wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, ya bayyana cewa Musulunci bai ba ɗaiɗaikun mutane ikon zartar da hukunci ba, aikin kotu ne bayan an tabbatar da laifi. Kisan taron dangi kisan kai ne a sashe na 221 na Final Kod, kuma mai zuga, da mai nuna gida, da mai kawo fetur, duk doka tana iya haɗa su da mai kisan. Sau nawa kuma ake gano daga baya cewa rikicin bashi ne ko na rumfa aka lulluɓe da sunan addini, bayan rai ya riga ya salwanta?

Ga abin da shugabannin kasuwa za su yi idan hakan ta taso. A janye wanda ake zargi daga cikin jama'a nan take, a sa shi a ofishin kasuwa, dattawa su tsaya a ƙofa, a kira 'yan sanda. Doka ta yarda farar hula ya kama mai laifi, amma ta ce ya miƙa shi ga hukuma ba da ɓata lokaci ba. Waɗanda suka ji da kunnensu, ba waɗanda aka ba labari ba, su rubuta ainihin kalmomin da lokaci da wuri. In a waya ne, a adana saƙon a ba ɗan sanda mai bincike, kada a yaɗa shi, don mai yaɗawa yana maimaita zagin ne kuma yana hura wutar. Idan 'yan sanda suka yi sanyin jiki, lauya yana iya shigar da ƙorafi kai tsaye gaban majistare.

Tambaya: Ina aikin jinya. Gidanmu yana tsakanin wata majami'a mai kwanan addu'a da wani masallaci mai wa'azin dare, kowa da lasifikarsa a waje. Na yi magana an ce ina yaƙi da addini. Ina da haƙƙi?
(Daga wata ma'aikaciyar jinya a Lugbe)

Amsa: Kina da shi, 'yar'uwa. Sashe na 45 ya ambaci kiwon lafiya da haƙƙin wasu, barci kuwa yana cikinsu. Ƙa'idojin hana hayaniya na 2009 da hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, ke kula da su sun sa iyakar ƙara a gidajen zama desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 50 da rana, 35 da dare, a unguwar da ta haɗa gidaje da 'yan shaguna kuma 55 da 45. Dare a wurinsu daga ƙarfe 10 ne zuwa 6 na safe. Hirar mutum biyu a ɗaki takan kai desibel 60, ki auna da lasifika huɗu a kan rufi. Jihar Legas ta rufe majami'u 70 da masallatai 20 a 2016 saboda hayaniya, don haka ba sabon abu ba ne.

Ki fara da maslaha, ta fi saurin aiki. Ki haɗa kai da maƙwabta Musulmi da Kirista, ku rubuta wa ɓangarorin biyu takarda iri ɗaya a rana ɗaya ta hannun mai unguwa ko shugaban rukunin gidajen, don kada wani ya ce shi aka sa wa ido. Ku nemi abu takamaimai: a kashe lasifikar waje bayan ƙarfe 10 a bar ta ciki, a juya bakinta daga tagogin mutane. Kiran salla na 'yan mintuna da ƙararrawar coci ba su ne matsalar ba, ku faɗi haka a takardar. Ki sa manhajar auna ƙara a waya ki riƙa rubuta awo da lokaci na mako biyu. Wannan ba zai maye gurbin awon hukuma ba, amma zai sa a saurare ki. In abin ya faskara, ku kai ƙorafi Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, ku kuma tambayi sashen kula da tsarin gine-gine ko filin na ibada ne ko gidan zama aka mayar. Kotu ita ce matakin ƙarshe, kuma abin da za ku roƙa shi ne a rage ƙara, ba a rufe wurin ibada ba.

Tambaya: Sai mun nemi izinin 'yan sanda kafin mu yi zagayen Maulidi ko zanga-zangar lumana?
(Daga sakataren wata ƙungiyar matasa a Karu)

Amsa: Izini a'a, sanarwa e. A Disambar 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Sufeto Janar na 'Yan Sanda da jam'iyyar ANPP, ta ce sharaɗin neman izini kafin taro ya saɓa wa sassa na 39 da 40. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da cewa idan aka sanar da su, aikinsu ne su ba da tsaro. Ku rubuta takarda kwanaki kafin ranar, ku faɗi wurin tashi da hanyar da za a bi da wurin watsewa, da lokaci, da adadin da kuke tsammani, da sunayen masu kula da layi, ku karɓi kwafi mai hatimi ku riƙe shi a aljihu ranar taron. Makami, da tare babbar hanya gaba ɗaya, da tilasta wa masu shago rufewa, duk suna fitar da taro daga kariyar doka. Kotu kuma tana iya iyakance wuri, kamar yadda Babbar Kotun Birnin Tarayya ta taƙaita masu zanga-zangar Agustan 2024 a filin wasa na Moshood Abiola. Wanda bai gamsu da irin wannan umarni ba, kotu zai koma ya nemi a janye shi.

Tambaya: Iyaye suna da ikon hana a ƙara wa ɗansu jini saboda addininsu?
(Daga wani ɗalibin likitanci)

Amsa: Baligi mai hankali yana iya ƙin magani don kansa, Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Okonkwo a 2001. Yaro kuwa daban ne. A shari'ar Esabunor a 2019 kotun ta ce idan ran yaro yana cikin haɗari, ana iya samo umarnin kotu a ƙara masa jini ko iyaye ba su so, don 'yancin addininsu bai kai su sadaukar da ran wanda bai isa zaɓa wa kansa ba. Likita ya rubuta komai a fayil, ya sanar da shugabannin asibiti, a nemi umarnin cikin gaggawa.

Tambaya: Kullum kuna cewa a je kotu. Yaya ake shigar da irin wannan ƙara, kuma me ke sa a faɗi?
(Daga wani malamin makaranta a Dutsen Alhaji)

Amsa: Malam, sashe na 46 ya ce duk wanda aka tauye wa haƙƙi, ko ake tauyewa, ko ake shirin tauyewa, ya je Babbar Kotu a inda abin ya faru. Ka lura da na ukun: ba sai an kama ka ba, barazanar kamu ma ta isa a nemi kariya. Ƙa'idojin 2009 sun sauƙaƙa hanyar. Ba a neman izinin kotu kafin a shigar, kuma daɗewar abin ba ta kashe ƙarar. Takardu huɗu ake haɗawa: takardar buƙata, da bayanin mai ƙara da abin da yake roƙo da dalilansa, da takardar rantsuwa mai ɗauke da yadda abin ya faru, da rubutaccen jawabin lauya. Idan mai haƙƙin yana tsare, ɗan'uwansa da ya san lamarin yana iya yin rantsuwar a madadinsa. Wanda ake ƙara yana da kwana 5 ya mayar da martani, kuma ƙa'ida ta ce a sa ranar sauraro cikin kwana 7, ko da yake cunkoson kotuna yakan ja abin ya wuce haka. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, sai dai a tabbata an roƙe su a takardar.

Yawanci da takardu ake yanke irin wannan shari'a, ba a cika kiran shaidu ba, don haka takardar rantsuwa ita ce komai. Wadda ta ce "sun wulaƙanta ni" ba ta kai wadda ta ce ranar kaza, ƙarfe kaza, a caji ofis kaza, aka tsare ni zuwa ranar kaza ba. Hoton allon waya ko bidiyo sai an haɗa shi da takardar shaida da sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya nema, mai bayyana na'urar da aka ciro shi, in ba haka ba lauyan ɗaya ɓangaren zai nemi a yi watsi da shi. Kuskure na biyu shi ne shigo da abin da asalinsa ba tauye haƙƙi ba ne. Wanda aka kora daga aiki ya ce saboda addininsa ne, yawanci Kotun Ma'aikata ce wurinsa, in ya bi ta wannan hanya ana iya korar ƙarar bayan ya kashe kuɗi da lokaci. Na uku, a sa sunan wanda ya dace: jami'in da ya yi kamun, da hukumarsa, da wanda ya kai ƙarar in shi ya zuga a yi tsarewar.

Akwai kuma Kotun ECOWAS a nan Abuja. Ba ta sharɗanta sai ka gama da kotunan gida ba, amma gwamnatin ƙasa kaɗai ake kaiwa gabanta, ba mutum ko kamfani ba. Ita ce a Yulin 2022 ta ce dakatar da Twitter da gwamnati ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya saɓa wa doka. Rauninta shi ne aiwatar da hukunci, wanda ya rataya a kan gwamnatin da aka kayar. A kotunan gida ma, cin shari'a daban, karɓar kuɗin daban: sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunce-hukuncen kotu ya ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da amincewar Antoni Janar. Ka tambayi lauyanka tun ranar farko yadda zai bi wannan mataki, kuma ku rubuta a yarjejeniyarku ko kuɗin aikinsa ya haɗa da shi.